Kabeji da Mastad: A Ci, Amma a Daina Kiransu Maganin Ciwon Daji

Kwanakin baya aka turo mini wani faifan bidiyo a WhatsApp. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, gabansa ga ƙullin kabeji, ga kwalbar ƙwayar mastad. Yana rantsuwa cewa masana a Amurka sun gano wani sinadari a cikin waɗannan abubuwa da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, don haka duk wanda ke karɓar magani a asibiti wahala kawai yake sha. A ƙarshe ya ɗaga wata robar kafso ya ce ga sinadarin nan an tace shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rabin maganar tasa gaskiya ce. Da ƙarya ce zalla, da ba ta yi nisa ba. Sinadarin yana nan, masanan ma suna nan, an kuma yi binciken. Abin da ya ɓoye shi ne yadda binciken ya kaya da aka zo kan mutane.

Matsayina a fili yake. Kabeji, farin kabeji, burokoli, lansir, mastad da sauran danginsu abinci ne mai kyau ƙwarai, kuma ina so mutane su ƙara yawan cinsu. Akwai alamu masu ƙarfi cewa suna taimaka wa jiki wajen kare kansa. Amma zuwa yau babu gwajin da ya nuna suna warkar da ciwon daji, ko ciwon suga, ko gyambon ciki. Wanda ya gaya wa mara lafiya ya bar asibiti saboda su, ya ɗauki alhakin rai.

Me ke cikinsu?

Tsire-tsiren wannan dangi suna ajiye wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta, ana kiransu gulukosinolet. An gano ire-irensu fiye da 120. Su kaɗai ba sa yin komai. A wani sashe dabam na ganyen kuma akwai wani abu mai suna mairosines, wanda aikinsa shi ne ya farfasa su. Kamar tsinken ashana ne da gefen kwalinsa, suna tare amma wuta ba ta tashi sai an ƙyasta. Da zarar tsutsa ta ciji ganyen, ko wuƙa ta yanka shi, ko haƙori ya tauna, sai su haɗu, wani sabon sinadari mai yaji ya fito.

Shi ya sa busasshiyar ƙwayar mastad ba ta da wani ƙamshi. Sai an daka ta an zuba ruwa sannan yajin ya hau hanci har ido ya kawo ruwa. Tsiron ya tanadi wannan yaji ne don korar ƙwari da kashe ƙwayoyin cuta da ke kai masa hari. A baƙin mastad, sinadarin da ke haifar da yajin sunansa sinigirin, kuma tun 1839 wani masanin harhaɗa magunguna na Faransa, Antoine Bussy, ya ware shi. A burokoli kuwa, abin da ke fitowa shi ne salforafen, wanda a kansa ake ta wannan hayaniya.

Sunan salforafen ya fito duniya ne a 1992, lokacin da Paul Talalay da Yuesheng Zhang na Jami'ar Johns Hopkins suka ware shi daga burokoli, suka nuna yana zaburar da ƙwayoyin jiki su ƙara samar da abubuwan da ke kwance dafin guba. A 1994 suka ba ɓerayen da aka sa wa sinadarin da ke haddasa dajin mama, sai aka ga ƙarin da ya fito musu ya ragu. A 1997 kuma, tare da Jed Fahey, suka gano cewa tsiron burokoli ɗan kwana 3 ya ninka babban burokoli sau 10 zuwa 100 a yawan sinadarin da ke rikiɗa ya zama salforafen.

Wannan aiki ne na gaske, ina kuma girmama waɗanda suka yi shi. Amma a lura da abin da suke nema: yadda za a hana cuta kamawa. Ɓerayen nan an ba su sinadarin ne a daidai lokacin da ake sa musu gubar, tun ƙarin bai fito ba. Kare lafiyayye daban, warkar da wanda daji ya riga ya ci jikinsa daban.

"Ai an gwada, ya kashe ƙwayoyin daji"

An gwada, ya kuma kashe. Tambayar ita ce a ina? A cikin ɗan faranti a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake zuba sinadarin kai tsaye a kan ƙwayoyin, da yawan da aka ga dama, a bar shi kwana da kwanaki. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar daji a irin wannan yanayi, har da waɗanda babu mai hankalin da zai sha. A jikin mutum kuwa sai abu ya bi ta ciki, ya ratsa hanji, ya wuce hanta. Salforafen kan kai ƙololuwarsa a jini cikin 'yan sa'o'i, kafin kwana guda mafi yawansa ya fita ta fitsari.

Saboda haka abin dubawa shi ne gwajin da aka yi da mutane. An yi da dama, kuma ya kamata a faɗe su duka, masu daɗin ji da marasa daɗi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na yankin Qidong a ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2014. Mutum 291 ne, a wurin da iska ta gurɓace. Aka raba su biyu, rabi suna shan ruwan tsiron burokoli kullum, rabi suna shan wani abin sha mai kama da shi wanda babu sinadarin a ciki, har mako 12. Masu shan na gaskiyar, yawan gubar benzin da jikinsu ke fitarwa ta fitsari ya ƙaru da kashi 61 cikin 100. Benzin yana cikin hayaƙin mota da na taba, kuma an tabbatar yana haddasa dajin jini. Wannan sakamako ne mai daraja, domin ya nuna abin da aka gani a ɓeraye yana faruwa a jikin ɗan Adam. Sai dai fitsari aka auna. Ba a bi mutanen shekara da shekaru an ƙirga nawa suka kamu da daji ba, su ma masu binciken ba su yi iƙirarin haka ba.

A Japan, a 2009, an ba mutanen da ke ɗauke da ƙwayar cutar nan mai jawo gyambon ciki giram 70 na tsiron burokoli kullum har mako 8. Alamun ƙwayar sun ragu, kumburin ciki ma ya ragu. Wata 2 bayan sun daina ci, komai ya koma yadda yake. Wato an danne ta na ɗan lokaci, ba a kawar da ita ba, alhali maganin asibiti na mako 1 zuwa 2 yana kawar da ita gaba ɗaya a wajen mafi yawan mutane.

A Suwidin, a 2017, mutum 97 masu ciwon suga sun kammala gwajin mako 12 da garin tsiron burokoli da aka tace. Sugan ya ɗan sauka, amma a wani ƙaramin rukuni ne kawai, na masu ƙiba waɗanda sugansu ya ƙi daidaita. Kusan dukkansu suna ci gaba da shan maganinsu na metfomin. Kuma yawan sinadarin da aka ba su, sai mutum ya ci wajen kilo 5 na burokoli a rana kafin ya samu.

Ga kuma waɗanda masu talla ba sa ambata. A Amurka an gwada shi kan mutum 89 masu cutar toshewar huhu, aka wallafa a 2016: bai motsa komai ba, har abin da ake sa ran zai zaburar a cikin huhun. A 2015 kuma an ba maza 20 waɗanda dajin furostet, wato ƙullin nan na maza da ke ƙasan mafitsara, ya dawo musu, har mako 20. Abin da ake nema shi ne alamar cutar a jini ta ragu da rabi. Mutum ɗaya ne kacal cikin 20 ya samu haka.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da na fahimta shi ne sinadarin yana da aiki a jiki, aikin nan matsakaici ne, kuma ya fi kusa da taimako a kan warkarwa.

"To me ya sa masu yawan cinsu ba su cika kamuwa ba?"

Wannan hujja ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Bincike da yawa da aka yi ta hanyar tambayar dubban mutane abin da suke ci ya nuna masu yawan cin kabeji da danginsa sun ɗan fi tsira daga wasu nau'o'in daji. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta fitar da rahoto a kan wannan batu a 2004, ta ce akwai taƙaitacciyar hujja game da dajin ciki da na huhu, sauran kuwa hujjar ba ta isa ba.

Matsalar irin wannan bincike ita ce mutumin da ke kula da cin ganye sau da yawa shi ne wanda ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana da halin zuwa asibiti da wuri. Da wuya a ware a ce ga rabon kabeji a cikin lafiyarsa.

An taɓa faɗawa wannan rami, kuma labarin ya cancanci a riƙa tunawa da shi. An lura cewa masu yawan cin karas da ganyaye, waɗanda sinadarin beta-karotin ya yi yawa a jininsu, ba su cika kamuwa da dajin huhu ba. Sai aka ce tunda haka ne, bari a tace sinadarin a ba masu shan taba. A Finlan aka gwada da maza sama da 29,000. Sakamakon ya fito a 1994: waɗanda suka sha kafson sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a Amurka sai dakatar da shi aka yi a 1996, bayan an ga ƙarin ya kai kashi 28. Karas bai cutar da kowa ba. Abin da aka ciro daga cikinsa aka ninka shi ne ya yi ɓarna.

Ban ce haka za ta faru da salforafen ba. Abin da nake cewa shi ne hujjar da ke goyon bayan cin ganye ba ta zama hujjar shan kafso ba. Mai talla yana aron mutuncin kabeji ne ya sayar da abin da ba kabeji ba. A Amurka, tun dokar 1994, irin waɗannan kafso na ƙarin abinci ba sa bukatar a tabbatar suna aiki kafin a kai su kasuwa. Kuma salforafen sinadari ne mai saurin lalacewa da zafi da damshi, don haka abin da aka rubuta a jikin roba ba lallai ne shi ke ciki ba.

"Kamfanonin magani ne ke ɓoye shi"

Na san dalilin da ya sa wannan magana ke shiga zuciya. Kamfanonin magani sun sha yin abin kunya, maganin daji kuma yana da tsadar da ke talauta iyali. Wanda ya ga ɗan'uwansa yana ramewa, gashi yana zubewa, in aka ce masa ga hanya mai sauƙi an ɓoye masa, dole ya saurara. Ba na ganin laifinsa.

Amma a duba tarihi. Kamfanoni ba sa gudun tsirrai, neman su suke yi ruwa a jallo. Maganin daji mai suna takzol daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka samo shi, an amince da shi a 1992, kuma ya kawo wa masu shi maƙudan kuɗi. Binkiristin, wanda ya ceci yara masu dajin jini ba adadi, daga wani fure na Madagaska yake. Atemisinin na zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye na ƙasar Sin ya fito, har ya sa Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk waɗannan sun shiga asibiti ne saboda an gwada su da marasa lafiya an ga sun yi aiki.

Shi kansa tsiron burokoli, Jami'ar Johns Hopkins ta yi rajistar mallakar hanyar noma shi, aka kafa kamfani don sayar da shi, har aka kai wasu manoma ƙara, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar da soke rajistar a 2002. Abin da ake shari'a a kansa don a samu damar sayarwa, ba a ce an ɓoye shi ba. Sama da shekara 30 ke nan ana bincike a fili, kuma har yau hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da salforafen a matsayin maganin wata cuta ba.

Maganar ma tsohuwa ce. Kato, wani dattijon Rum da ya rayu fiye da shekara 2,100 da suka wuce, ya rubuta cewa a daka kabeji a ɗora a kan gyambon mama zai warke. Tun daga lokacin mutane ke gwadawa. Da yana yi, da duniya ba ta jira zuwan bidiyo ba kafin ta sani.

Abin da ke hana ni yin shiru shi ne wani bincike na Jami'ar Yale da aka wallafa a 2018. An bi mutum 281 masu dajin da bai riga ya bazu ba, waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi wasu hanyoyi kaɗai, aka kwatanta su da 560 da suka karɓi magani. Haɗarin mutuwa a wajen na farkon ya ninka sau biyu da rabi. A dajin mama ya haura sau 5. Waɗannan mutane ne da cutarsu ke matakin da ake iya magance ta. Lokacin da suka ɓata shi ne ya tafi da su.

"Ai abin Allah ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba"

In dai a faranti ne, a yawan da mutum ke ci da abinci, haka ne ga kusan kowa. Damuwar tana farawa ne lokacin da aka mayar da abinci magani, domin mai neman waraka ba ya tsayawa a kan kima.

A 2010 likitoci a New York suka ba da labarin wata tsohuwa 'yar shekara 88 da aka kawo asibiti a sume. Ashe ta yi watanni tana cin kilo 1 zuwa 1.5 na ɗanyen bok coi, wani nau'in kabejin Sin, kullum, da niyyar maganin ciwon suga. Sinadaran ganyen suka danne aikin ƙullin maƙogwaro da ke sarrafa aidin, har ta kusa rasa ranta. Tun 1928 aka san wannan, lokacin da aka ga zomayen da ake ciyarwa da kabeji suna yin maƙoƙo. Ga mai cin kima, wanda kuma jikinsa ke samun isasshen aidin, wannan ba abin tsoro ba ne, dafawa ma tana rage shi sosai. Amma mai ƙarancin aidin da ya duƙufa kan shan ruwan ɗanyen kabeji kofi-kofi, yana wasa da lafiyarsa.

Mastad ma haka. An daɗe ana kwaɓa garinsa a shafa a ƙirji ko gaɓoɓi don ɗumama wuri, kuma yana ɗumamawa, domin yajinsa yana jawo jini zuwa fata. In aka bar shi ya daɗe, ƙuna yake yi har fata ta tashi, musamman ga yara da tsofaffi. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa sam, shi ya sa Tarayyar Turai ta sa shi cikin abubuwa 14 da dole a rubuta a jikin kwalin abinci.

Masu shan wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa, su ma su kula. Koren ganye yana da bitamin K da yawa, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a hana su ci ba, amma kada a ƙara yawansa farat ɗaya ba tare da sanin likita ba.

Sai ɗanyen tsiro. Ɗumi da damshin da iri ke bukata don ya tsiro, su ne ƙwayoyin cuta ke so. A Jamus a 2011, ɗanyen tsiron hulba da ya gurɓace ya kashe fiye da mutum 50. Masu juna biyu da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, ciki har da masu karɓar maganin daji, an fi so su guji ɗanyen tsiro. Wato waɗanda aka fi yi wa tallarsa su ne ya fi wa haɗari.

Ga masu cewa duk shirme ne

Akwai wasu kuma da in suka ji duk wannan sai su yi watsi da batun gaba ɗaya. Su ma ban yarda da su ba. Ko da an ajiye maganar salforafen gefe, kabeji da danginsa suna da bitamin C, da bitamin K, da folet, da harzar da hanji ke bukata, ga shi ba sa sa ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma mutane da yawa ba sa kaiwa. In sakamakon Qidong ya sa wani ya ƙara ganye a abincinsa, ya ci riba ko ta wane ɓangare aka duba.

Kuma binciken ya koya mana abin da za a iya amfani da shi a ɗakin girki yau. Mairosines ba ya jure zafi. In aka jefa ganyen cikin tafasasshen ruwa aka bar shi ya yi laushi tiɓis, mairosines ya mutu, sauran sinadaran kuma sun tsiyaye cikin ruwan da za a zubar. Wani gwaji a Holan a 2008 ya nuna jiki na samun kusan kashi 37 cikin 100 na salforafen daga ɗanyen burokoli, amma daga dafaffe kashi 3 da ɗoriya kawai. Abin da ya fi shi ne a yanka a bar shi ya ɗan jima kafin a ɗora a wuta, don haɗuwar nan ta auku tun zafi bai zo ba, sannan a turara shi na 'yan mintuna yana da sauran ƙarfinsa da korensa. In miya ce ko romo da za a sha ruwan, asarar ta ragu.

Wanda kuma ba ya iya cin ganye sai ya dahu sosai, mastad na iya cike masa gurbin. A Jami'ar Reading ta Ingila, a 2018, an ba mutum 12 giram 200 na dafaffen burokoli, wani lokaci haka nan, wani lokaci an barbaɗa masa giram 1 na garin mastad bayan an sauke. Mairosines ɗin da ke cikin garin ya maye gurbin wanda wuta ta kashe, har salforafen da jikinsu ya samu ya ninka fiye da sau 4. Sharaɗin shi ne garin ya zama ɗanye, a kuma zuba shi bayan an sauke tukunya, domin in ya shiga wuta shi ma nasa mutuwa zai yi.